Neman shawara: Mun yi wa kamfani rajista, amma ba mu san me zai sayar ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana. Bayan na gama bautar ƙasa, ni da abokina muka haɗa kuɗi muka yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Suna akwai, tambari akwai, har da kati mai ɗauke da "Shugaba" a ƙasan sunana. Saura abin da za mu yi. Shi yana son manhajar kai abinci gida, ni ina ganin AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, ce ke jawo masu zuba jari yanzu. Baba ya ce zai sayar da filinsa na Rigasa ya ba ni jari. In karɓa?

Wani ɗan kasuwa daga Panteka: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka sayi linzami babu doki. Filin tsohonka dai kada ka taɓa shi.

Wata 'yar uwa daga Barnawa: Ƙanina, a duk bayaninka ban ji mutum ɗaya da ke cikin matsala ba, sai masu zuba jari. Paystack da kuke yawan ambata, wahalar karɓar kuɗi ta intanet suka gani 'yan kasuwa na sha, suka magance ta, sannan Stripe, wani kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ya saye su a 2020. Haka lokacin ƙarancin takardun naira a 2023, mutane suka koma biya ta POS saboda suna da kuɗi a banki amma ba su iya sayen ko tumatir. Ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi da safe, ka zauna a shagon wani mai atamfa. Ka kalli littafin bashinsa, yadda yake lasar yatsa yana juya shafi yana neman sunan wadda ta karɓi turmi uku tun kafin salla. Ka tambaye shi nawa ke maƙalewa a hannun mutane, kuma ko zai biya wani abu a wata in an sauƙaƙa masa. In ya yi dariya, to, ka samu amsa kyauta.

Wani memba: Anti ta gama magana. Kai abinci kuma, almajirin gidanmu ma yana yi, ba manhaja.

Mai tambaya: Na gode. To rajistar fa, ta tashi a banza ke nan?

'Yar uwa daga Barnawa: Takarda ba ta ruɓewa, sai dai ka tuna CAC na jiran rahoton shekara ko ba ku sayar da komai ba. Ka ce wa Baba ya dakata tukuna.