Lambu da masu buƙata ta musamman: wa ya taɓa yin wannan aikin?

Mai tambaya, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An damƙa mini ɗan fili a bayan cibiyar da nake aiki, an ce mu yi lambu don masu shanyewar ɓarin jiki da masu amfani da keken guragu. Na iya noman rani tun a gida, amma wannan daban ne. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni haske.

Mai gashin ƙashi, Zariya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kuskurena na farko fangali na yi a ƙasa kamar na kowane lambu. Ranar farko mutanena suna kan keke suna kallo, ni kaɗai nake duƙe ina shuka. Har gida abin ya bi ni. Sai muka jera bulo muka ɗaga kwamin ya kai wajen santimita 70, muka rage faɗinsa yadda hannu zai kai tsakiya, muka daɓe hanya don taya ba ta tafiya a yashi. Wani dattijo da hannunsa na dama ya shanye, tsinken alayyahu ya sa ya fara motsa yatsunsa ba tare da na ce masa "motsa" ba. Abin da atisaye a ɗaki ya gagara ke nan. Kuma ki fara da alayyahu, sati huɗu an tsinka. Mai jinya yana son ganin abin hannunsa da wuri.

Malamin makarantar makafi: Mu igiya muke ja, mu ƙulla ta taki ɗaya-ɗaya, kowane ƙulli rami ɗaya. A bakin kowane layi akwai na'ana'a ko ɗoɗɗoya, ƙamshin ke gaya wa yaro inda yake. Kada a taɓa sauya wa butar ban-ruwa wuri ba a faɗa musu ba.

Uwar yaro mai galahanga: Malama, ki zagaya filin tukuna. Zaƙami, zurman da cini-da-zugu duk guba ne, kuma yaranmu komai baki. Ni buhuna biyar na cika da ƙasa da taki, muka sa yakuwa. Ɗana ba ya magana, amma da asuba shi ke jan zanena zuwa wajen buhunan.

Ma'aikaciyar kula da tsofaffi, Birmingham: A nan Ingila sana'a ce sukutum. Ƙungiyar Thrive, mai taimaka wa masu buƙata ta musamman ta hanyar aikin lambu, tana da lambu a Kings Heath Park, wani wurin shaƙatawa a nan Birmingham. Abin da na koya a wannan aiki shi ne ka riƙe hannunka. Mutum zai yi minti goma yana ƙoƙarin saka iri ɗaya, zuciyarka na cewa ka karɓa. Kada ka karɓa.

Mai gashin ƙashi, Zariya: Na manta da zafi. Mai rauni a lakar baya sau da yawa ba ya yin zufa daga wurin raunin zuwa ƙasa, jikinsa sai ya ɗau zafi bai ankara ba. Sassafe ko bayan la'asar kawai, da rumfa da ruwan sha. Waɗanda kuturta ta kashe wa jin hannu kuwa, ki naɗa tsumma a ƙotar fartanya, ki duba tafin hannunsu bayan an tashi.

Mai tambaya, Kaduna: Allah ya saka da alheri. Akwai cini-da-zugu a jikin shingenmu, gobe za a sare shi. Yaya na Zariya, bulo jeri nawa kuka ɗora?