Kicin mai ƙafa 7 da 8: in sayi gidan ko in haƙura?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sayen ginannen gida, musamman iyayenmu mata da masu aikin gini. Shekara 11 ke nan muna zaman haya a Kano, yanzu Allah ya hore mini abin da zan mallaki nawa, kuma dillali ya nuna mini gidaje 2 waɗanda kuɗinsu ya yi kusa da juna. Na farko yana Rijiyar Zaki, kusa da wurin aikina da makarantar yara, yana da ɗaki 3 da falo mai faɗi, sai dai kicin ɗinsa ƙafa 7 ne da ƙafa 8, taga ɗaya, kuma babu sito. Na biyu yana Mariri, wato can ɗaya ƙarshen garin, gininsa bai kai na farko kyau ba, amma kicin ɗinsa ƙafa 10 ne da 12, ga kuma sito a jikinsa.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da na farko. Amma ranar da na kai uwargida ta gani, ko falon da nake ta yabo ba ta tsaya kallo ba, ta wuce kicin, ta tsaya a tsakiya ta ware hannuwanta, sannan ta ce in nuna mata inda firiza za ta zauna. Muna da firji dogo, da firiza mai murfi, da murhun gas mai kai 4 haɗe da obin, da injin wanki, da na'urar ɗumama abinci, ban da injin markaɗe da tukwanen da ta tara tun na aure. Dillalin ya yi dariya ya ce ai kicin ba wurin kwana ba ne, ni ma a lokacin na taya shi, amma tun da muka koma gida maganarta take damuna. Shin ƙanƙantar kicin ta isa ta sa mutum ya bar gidan da ya dace da shi ta kowace fuska, ko kuwa abu ne da ake iya gyarawa daga baya?

Maman Sadiq, Kaduna:

Wa'alaikumus salam. Malam, ka saurari uwargidanka, domin ita ce za ta shiga ɗakin nan sau 3 a rana ko fiye, dillali kuwa da ya karɓi la'adarsa ba zai sake taka gidan ba. Mu haka muka yi shekara 6 da suka wuce: maigida ya ga tayil mai ƙyalli da kabad sababbi a bango, ya biya kuɗi, ba wanda ya yi tunanin auna ƙofa. Ranar tarewa 'yan dako 4 suka ɗauko firjin da aka saya mini, suka juya shi ta kowane gefe ya ƙi shiga, sai da aka cire ƙyauren ƙofar kicin, aka kuma kwance ƙofofin firjin kansa, kafin ya wuce yana gogar bango. Da ya shiga kuma sai ya tare rabin taga.

Firiza ko gwadawa ba a yi ba, a falo ta zauna, na lulluɓe ta da leda mai fulawa don kada ta zama abin kallo. Abin da ba a gane wa sai an zauna shi ne wahalar yau da gobe. Idan maigida yana da baƙi maza a falo, ni kuma ina bukatar nama ko kifi, sai dai in aiki yaro, shi kuma ya ɗauko abin da ba shi na ce ba. Lokacin Babbar Sallah kuwa, naman layya ta gaban baƙi ake wucewa da shi a cikin baho. Da azumi, sa'adda mu 3 muke aikin buɗa-baki, idan ɗaya ta buɗe obin dole ɗayar ta fita waje ta jira. Ban ce ka bar gidan ba, amma kada ka biya sai kai da ita kun koma da tef ɗin awo.

Magini daga Kurna:

Alhaji, bari mu yi lissafin a fili, domin ido yana ruɗi a ɗakin da babu kaya a ciki. Ƙafa 7 da 8 kimanin santimita 213 ne da 244. Kantar girki da aka saba yi zurfinta santimita 60 ne, tsayinta kuma 85 zuwa 90. Idan ka jera murhu mai faɗin 60 da wurin wanke-wanke mai faɗin 80 zuwa 100 a jikin dogon bangon, abin da zai rage na yanka albasa da ajiye kwano santimita 84 zuwa 104 ne kawai, kuma a nan ne na'urar ɗumama abinci da injin markaɗe za su nemi wuri. A ɗaya bangon, firji dogo yakan ci zurfin kusan 65 zuwa 70, kuma ba a manna shi da bango, sai an bar masa kamar 10 a baya don zafinsa ya fita. To, cire 60 da 80 daga cikin 213, za ka ga hanyar da ta rage a tsakiya 73 ce kawai, alhali abin da ake so santimita 100 ne zuwa 120, yadda za a buɗe obin ko firji wani kuma ya iya giftawa.

Firiza mai lita 300 faɗinta yakan haura mita ɗaya, kuma da yake murfinta sama yake buɗewa, ba a iya kafa kabad a ƙasa-ƙasa a samanta, ka ga ta cinye ƙasa ta cinye sama. Injin wanki mai ƙofa a gaba 60 ne faɗinsa, 85 tsayinsa, yana kuma bukatar bututun shigar ruwa da na fita. A gaskiya kayan da ka lissafa ba za su shiga wannan kicin gaba ɗaya ba, ko wane kafinta ka kawo.

Sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce mene ne a bayan bangon kicin ɗin. Idan akwai filin tsakar gida ko lungu mai faɗin ƙafa 6 ko fiye, ana iya fasa ƙofa a fitar da sito, a kai firiza da injin wanki da buhunan hatsi can, kicin ya sami sarari. Idan kuwa bangon katangar maƙwabci ce, ko sokawe tana nan a wurin, ko kuma gidan mai dekin ne bangon yana ɗauke da nauyi, to maganar ta canja. Kada wani ya ce maka bulo mai inci 6 ne don haka a rushe kawai, sai wanda ya san aikin ya duba linta da ginshiƙai da inda rufin ya zauna. Tayil da fenti da kabad duk ana canja su a mako ɗaya. Faɗin fuloti ne ba ya ƙaruwa.

Hajiya Kaka:

Ɗana, ni ban goyi bayan a bar unguwar da ta dace da aikinka da karatun yara saboda ɗakin girki ba. Ketare gari safe da yamma, da kuɗin man da zai ci, da yara suna isa makaranta a gajiye, wannan ma uwargidan ce za ta fi kowa jin sa nan da shekara ɗaya. Kuma ku yaran yanzu kuna manta cewa girkin gidan Bahaushe ba a ɗaki ɗaya yake ƙarewa ba. Tuwon mutum 20 ranar suna, ko suyar naman Sallah, ko dakan sakwara da jajjage a turmi, wace mace ce take yin su a kan tayil a gaban firji? Waje ake fita, a hura gawayi ko itace. Ni abin da zan duba a gidan shi ne ko akwai inda za a kafa rumfar kwano a yi madafi na waje, hayaƙi ya fita ba tare da ya shiga ɗakuna ba.

Abin da na yarda da uwargidanka a kai shi ne rashin sito. Mai iyali da yake sayen buhun shinkafa da na masara da gero lokacin kaka, ga jarkar mai mai lita 25, ga busasshen tattasai da kuɓewa, idan babu sito duk ƙarƙashin gado za su koma, daga nan kuma ɓera da ƙwari sun sami gida. Ka zauna da ita ku rarrabe kayan, wanda ake taɓawa kullum ya zauna a kicin, wanda sai mako-mako ya tafi sito. Za ku tarar akwai tukwane da kuloli na aure waɗanda ba a buɗe kwalinsu ba tun ranar da aka kawo su.

Mai aikin wayarin, Zariya:

Ina so in ƙara abin da ba a auna shi da tef. Ka ƙirga soket nawa ne a kicin ɗin, domin gidajen da aka gina don sayarwa sau da yawa 2 kawai ake sa wa, daga nan sai a koma jona waya a kan waya. Soket mai amfiya 13 abin da yake ɗauka kimanin wat 3,000 ne, butar lantarki ita kaɗai takan ci kusan 2,000, idan aka haɗa ta da na'urar ɗumama abinci a wuri ɗaya sai ka ji warin roba. Firji da firiza kowanne ya sami soket ɗinsa da waya mai kauri, wadda masu wayarin ke kira 2.5, kuma a tuna sitabilaiza ma tana bukatar wurin zama. Idan kana da niyyar sa sola, tun yanzu ake ware wa firiza layinta, ba sai an gama tayil a dawo ana fasa bango ba.

Sai maganar zafi da iska. A watan Afrilu Kano takan kai digiri 40, ƙaramin kicin mai taga ɗaya kuma idan obin yana aiki ya wuce haka. Ka duba takardar da ke manne a jikin firjinka: idan an rubuta T, an yi shi ya jure har digiri 43, idan ST ne iyakarsa 38. Firjin da aka matse a gefen murhu injinsa ba ya hutawa, yana shan wuta kuma ba ya daɗewa. Tukunyar gas kuwa, ko mai kilo 12.5 ce, gara a yi mata keji a waje a shigo da bututu ta bango, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, taga da ke sama ba ta fitar da shi da wuri.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar mun koma ni da uwargida da tef, kuma ta yanko kwalaye daidai girman gindin firji da firiza da murhu muka shimfiɗa su a ƙasa. Lissafin magini bai yi kuskure ba: da muka ajiye kwalin firiza, ƙyauren kicin ɗin ya kasa buɗewa gaba ɗaya. Faɗin ƙofar santimita 72 ne, firjin namu kuma 68, don haka zai shiga da ƙyar. Soket 2 ne kamar yadda mai wayarin ya ce, ɗaya ma a bayan ƙofa yake.

Amma a bayan kicin ɗin mun sami fili mai ƙafa 9 kafin katanga, gidan ba dekin ba ne, sokawe kuma tana ta wajen gaba. Uwargida ta ce idan za a fitar mata da sito da 'yar rumfa kafin mu tare, ba bayan mun tare ba, ta amince. Na gaya wa dillali sai an rage mini kuɗin wannan aikin daga cikin farashin, ya ce zai tuntuɓi mai gidan, ni kuma ranar Asabar zan kai magini ya duba bangon ya yi mini ƙiyasin bulo da siminti da kwano kafin in ba da ko sisi na kafin alƙalami.