Musayar waƙa: me ya kai ka ɗaukar hoto?

Baffa Mai Hoto: Salamu alaikum. Ga buɗi, kowa ya rufe baitinsa da "hoto".

Baba ya rasu ina goye,
Kamanninsa gare ni a ɓoye,
In na tambayi Inna sai hawaye,
Shi ya jefa ni harkar hoto.

Fim guda na hoto 36,
Ba ka dannawa sai ka gwada,
Ɗakin duhu na cikin gida,
Can fuska ke fitowa a hoto.

Ɗan Zamani:
Baffa, lokacinka ya wuce,
Kodak ma ta durƙusa, ka mance?
Dubu nake ɗauka, in zaɓa in tace,
Waya ta gama da ɗakin wankin hoto.

Baffa Mai Hoto:
Dubu ka ɗauka, ina ɗaya?
Duk sun ruɓe a cikin waya,
In ta faɗa ruwa ka koma baya,
Nawa na bango, shi ne hoto.

Anti Hajjo: Allah ya ƙara basira, Baffa! Yaro ya sha ƙasa. Malick Sidibé na Bamako da fim baƙi da fari ya yi suna, har aka ba shi lambar yabo ta Zakin Zinare a bikin fasaha na Venice, a Italiya, a 2007. Wa ya taɓa jin ya riƙe waya?

Na Fagge: Haba Anti. Ai injiniyan Kodak, kamfanin fim da kyamara, ne da kansa ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, suka yi sakaci da ita, suka karye a 2012. Ɗan Zamani gaskiya ya faɗa.

Malam Na Aruli: Gaskiya daban, kari daban. Ɗangonsa na farko gaɓa 9, na ƙarshe 12. Baitin yana ɗingishi.

Na Fagge: To Malam, lissafa na Baffa. "In na tambayi Inna sai hawaye" 11 ne, na farkonsa 9. Me ya sa ba ka ce komai ba?

Malam Na Aruli: Ba yawan gaɓa kaɗai nake dubawa ba, nauyinta nake aunawa. Na Baffa in ka rera yana zama a baki.

Na Fagge: Yanzu kuma an koma nauyi!

'Yar Ƙofar Mata: Don Allah ku bar mu mu yi waƙa.

Ni marinar Ƙofar Mata,
Da hantsi nake zuwa wajenta,
Hannun marini, shuɗi ya kama fata,
Wannan nake nema a hoto.

Baffa, baitinka na farko ya sa ni kuka. Jiya na zaunar da mahaifina a zaure, na ɗauke shi da carbinsa.

Ɗan Zamani: Allah ya jiƙan Baba. Amma ban sauka ba:

Ran hawan Daushe a Ƙofar Kudu,
Dawakin jahi suna ta gudu,
Kafin ka juya fim na ɗau huɗu,
Baffa, sauri ma gwaninta ne a hoto.

Anti Hajjo: Baffa kwana biyu shiru, lafiya dai?

Baffa Mai Hoto: Lafiya lau, biki na je ɗauka. Amin, na gode. 'Yata, ki wanke hoton nan, kar ki bar shi a waya.

Huɗu ka ɗauka, na ji ɗana,
Wanko ɗaya ka kawo shagona,
In ga ƙura ta fito da hasken rana,
Sannan in ce ka iya hoto.

Ɗan Zamani: Gobe bayan la'asar ina tafe, Baffa.