Ɗana yana da sikila, an ce in zubar da magani in dogara ga Allah

Uwar Uku, Kafanchan:

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku yi haƙuri da tsawon maganata.

Ɗana na biyu shekararsa 7, yana da sikila. Ni da babansa duk jininmu AS ne, wato muna ɗauke da gādon ciwon, amma lokacin aurenmu ba wanda ya nemi gwajin jini. Ba mu gane ba sai da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura tun yana goye. Hunturun bana ya ba mu wuya ƙwarai. An kwantar da shi, an yi masa ƙarin ruwa da ƙarin jini, awakin da nake kiwo sun ƙare, kuɗin adashi ma haka. In ciwon ya tashi da dare yakan riƙe ƙafarsa ya ce, "Mama, ki yi addu'a ya daina." Ina yi, hawaye na zuba, ciwon kuwa yana nan har gari ya waye.

Wata 'yar'uwa ta kai ni wani gidan addu'a. Mai addu'ar ya ce la'ana ce daga kakanni, in zubar da magungunan, mu yi azumin kwana bakwai har da yaron. Ya ce mai haɗa addu'a da ƙwaya zuciya biyu gare shi. Ban zubar ba, amma tun ranar in na ɗauko maganin sai gabana ya faɗi. Don Allah ku gaya mini, ba shi magani rashin bangaskiya ne? Kuma ina uwa za ta sami ƙarfin hali alhali ta san ciwon zai dawo?

Nas daga Jos:

'Yar'uwata, kada ki bari yaron nan ya yi azumi, ko na wuni ɗaya. Ƙarancin ruwa a jiki na daga cikin abin da ke tayar da ciwon, kamar sanyi da zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan zafin ke fitowa. Gādo ne daga uwa da uba: in duka biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila. Babu la'ana a ciki.

Ki ci gaba da folic acid da maganin kariya daga maleriya, ya kwana a gidan sauro, ya sha ruwa da yawa. Ki tambayi likitansa batun hydroxyurea da kuma hoton da ake yi don auna gudun jini a kai. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna maganin hydroxyurea yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da hoton ya nuna suna cikin haɗari. In kin ga zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji da haki, tafin hannu ya yi fari fat, ko baki ya karkace, ki yi addu'arki a kan hanyar asibiti.

Tsohon Malami, Wusasa:

Ɗiyata, sannu da ɗawainiya. Buɗe Yahaya sura 9. Almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, nasa ko na iyayensa. Ubangiji ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba. Wanda ya ɗora miki laifin kakanni ya faɗi abin da Yesu da bakinsa ya ƙi faɗa. Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Mu nan Wusasa mun tashi coci da asibiti suna maƙwabtaka. Likita Miller, wanda ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne na gaske. Masu bishara ne suka kafa asibitin Vom a 1922, da na Galmi a Nijar a 1950. Ki ba yaron maganinsa da sunan Yesu, ki kuma sanar da fastonki abin da aka faɗa miki, domin ba ke kaɗai ake kaiwa can ba.

Baban 'Yan Mata, Gombe:

Maman yara, tambayarki ta biyu zan taɓa. 'Yata ta fari SS ce, yanzu ta gama karatu tana koyarwa a firamare, kuma har yau ciwon yana tashi. Shekaru na yi ina roƙon a ɗauke shi gaba ɗaya, ban kuwa daina roƙo ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne amsar Shadrak, Meshak da Abednego a Daniyel sura 3: Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkin sujada ba. Sun faɗi haka ne tun ba su san yadda za ta kaya ba. Tsoro bai taɓa barina gaba ɗaya ba, ina dai tashi in ɗauke ta mu tafi asibiti da shi.

Kada ki ɓoye ciwon don gudun maganar mutane. Ranar da matata ta faɗa wa Zumuntar Mata, sai suka raba kwana a asibiti a tsakaninsu, matasa kuma suka je aka gwada jininsu don a san wanda za a kira in buƙata ta taso. Ki kai sauran yaran biyu a gwada su, su san jininsu tun kafin maganar aure ta zo.