Kama da wane ba ta wane: yaya masu kama da taurari ke zama lafiya?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Akwai waɗanda fuskarsu ta zo ɗaya da ta ɗan wasan Kannywood, mawaƙi ko ɗan ƙwallo, duk inda suka shiga sai an tsare su. Wanda ya san kan lamarin ya taimaka da abin da ke aiki.

Mai ɗaukar hoto, Kano: Wa alaikumus salam. Rabin kamar nan ba a ƙashin fuska take ba, tana cikin gemu, aski, tabarau da karin hula. Daga nesa ido zanen kai da tafiya yake fara kamawa. Wanda ake kira Ali Nuhu ko Adam A. Zango a hanya, in ya gaji, ya sauya biyu daga cikin huɗun nan a lokaci guda. Ɗaya kaɗai ba ya isa, sai a ce tauraron ne ya sake salo. Ga mata kuwa, zanen gira da ɗaurin kallabi su ne kan gaba.

Lauya, Kaduna: Kama halittar Allah ce, babu dokar da ta hana. Laifi yana farawa ne daga lokacin da mutum ya bari aka ɗauke shi a matsayin wane, ya kuma ci moriyar hakan: kyauta, bashi, kuɗin talla, ko alƙawarin saka yarinya a fim. Wannan sojan gona ne, dokar Penal Code ta Arewa ta sa shi cikin zamba, dokar laifukan intanet ta 2015 ma ta tanadi hukunci a kansa. Shiru ma yana jawo rigima. In aka miƙo kuɗi ana kiran sunan tauraron, a faɗi gaskiya kafin hannu ya taɓa su. Mai son yin talla da kamarsa ya rubuta yarjejeniya da sunansa na gaskiya, kada a sa sunan tauraron ko muryarsa, a shafinsa kuma ya rubuta ƙarara cewa shi mai kama ne.

'Yar kasuwa, Kantin Kwari: Barista, Allah ya saka. Ga wata asarar da ba a lissafawa: da an hango fuskar, farashi ya tashi. A fara tura wani ya tayo kayan. A gidan biki kuma a raɗa wa maroƙi tun daga ƙofa, don in ya riga ya ɗauki kirari, ba ya saukewa sai an yi liƙi.

Amma nauyin ya fi faɗawa kan mata. Hoto ɗaya da baƙo, gobe yana yawo a TikTok da sunan wata, ko wani abin da tauraruwar ta yi a dawo da shi kan matar aure har ya kai kunnen surukai. Kada mace ta yarda da hoton tsaye da wanda ba ta sani ba, kuma dangin miji su san da kamar tun kafin tsegumi ya riga ta.

Direba, Zinder: Gaskiya ne Hajiya. Taro kuma ba a tsaya masa. Mutum uku suka tsaya, minti kaɗan sun zama talatin. A faɗa sau ɗaya da fara'a, "ba shi ba ne, kama ce", a ci gaba da tafiya. Dogon musu shi ke sa a ce girman kai ne. A 2017 wani ɗan Iran mai kama da Messi, Reza Parastesh, sai da 'yan sandan garin Hamadan suka tafi da shi ofis suka riƙe motarsa saboda cunkoson masu neman hoto.

Mai gyaran waya, Jos: A kula da makullin waya mai buɗewa da fuska. Wayoyin da ke dogaro da kyamarar gaba kaɗai, mai kama da kai, wani lokaci ma hotonka, zai iya buɗe su. A koma zanen yatsa ko lambar sirri mai lambobi shida, musamman in akwai manhajar banki. In kuma aka buɗe shafin bogi da hotonka, ɗauki hoton shafin da lambar asusun da ake karɓar kuɗi tukuna, sannan ka kai ƙara ga Facebook da 'yan sanda. Da an rufe shafin, hujjar ta tafi.