Mangwaro a Cikin Kaza: Girki ne ko Ɓarna?

Rahama: Assalamu alaikum 'yan gida. Tunda Yaya Sani ya riga ya kai ƙarata wajen Gwaggo, bari in faɗi yadda aka yi da bakina. Jiya Talata na taso daga aiki a makare, ga cunkoso a Kawo, ban shiga gida ba sai ana kiran magariba. Cinyoyin kaza huɗu na tarar a firji da mangwaro biyu da suka fara laushi, tumatir kuwa ko ɗaya babu. Na zare ƙashin cinyoyin, na shafe su da gishiri, masoro, citta da tafarnuwa, na soya a mai cokali biyu, kowane gefe kamar minti 6. Na kwashe. A cikin kaskon nan dai na zuba albasa da attarugu ɗaya, da suka yi laushi na zuba mangwaro ɗaya da na yanka ƙanana, da ruwa rabin kofi. Minti 5 ya narke ya yi kauri. Na mayar da kazar ta ƙarasa a ciki, na matsa lemun tsami, na sauke, sannan na watsa na'a-na'a da lawashi. Farar shinkafa tana gefe tana dahuwa. Kafin isha mun ci mun wanke hannu. Iyakar laifina ke nan.

Gwaggo Asabe: Wa alaikumus salam. Ni ban ce kin yi laifi ba, cewa na yi kin ɓata kaza kin kuma ɓata mangwaro. Kayan marmari ba ya shiga tukunya ɗaya da nama. Nama abokinsa gishiri da yaji da daddawa. Mangwaro a wanke a sha bayan an ci abinci. Tun ina yarinya nake tsaye a madafa, ban taɓa ganin an haɗa su ba, kuma ba don ba mu da mangwaro ba ne, a tsakar gidanmu bishiyarsa take.

Yaya Sani: Ni dai shaida ne kawai. Na je gaisuwa aka kawo mini, na ɗauka miyar kabewa ce.

Rahama: Yaya, faranti nawa ka ci?

Yaya Sani: Ba a tambayar baƙo wannan.

Auta Mubarak: Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ina da tambaya. Tumatir fa? A ilimin tsirrai duk abin da ya fito daga fure yana ɗauke da iri a cikinsa, ɗan itace ne. Tumatir haka yake, tattasai haka, attarugu haka, kuɓewa da kabewa ma haka. In dokarku ta tabbata, miyar dage-dage da taushe duk sun faɗi.

Gwaggo Asabe: Kai Auta, kar ka kawo mini boko. Ka taɓa ganin an yanka wa baƙo tattasai a faranti an ce bismillah ga kayan marmari?

Auta Mubarak: To gaskiya a nan kun kama ni, har kotu ma ta taɓa goyon bayanku. A 1893 Kotun Ƙolin Amurka ta yi shari'a a kan tumatir. Dokar harajinsu ta lokacin tana karɓar kuɗin fito a kan kayan lambu da ake shigowa da su, amma ba ta karɓa a kan 'ya'yan itatuwa. Wasu 'yan kasuwa suka ce tumatir ɗan itace ne, a mayar musu da kuɗinsu. Alƙalan suka ce sun yarda haka yake a ilimin tsirrai, amma mutane da babban abinci suke cin sa, ba a ajiye shi a matsayin abin zaƙi na bayan cin abinci, don haka kayan lambu ne, a biya haraji.

Gwaggo Asabe: Ashe can ma akwai masu hankali.

Hadiza: Umma, ni ba tumatir zan kawo ba. Tsamiya fa? Ɗiyar itace ce sak, a reshe take rataye, kuma kuna jiƙa ta ku zuba a girki. Nan Yamai kuwa da wuya ka shiga gidan abinci na 'yan Senegal ba ka tarar da yasa ba. Daga yankin Kasamans na kudancin Senegal ta fito. Kaza ce ake jiƙawa a ruwan lemun tsami da albasa mai yawan gaske, a gasa ta, sannan a dafa ta a cikin albasar nan har ta narke. Lokacin da kuka zo mini wankan jego ita maƙwabciyata ta aiko, kuka ce in tambayo yadda ake yi.

Gwaggo Asabe: Wannan tsami ne. Tsami daban, zaƙi daban. Yakuwa ma ai tsami ce, kuma taushe ba ta cika sai da ita. Tsami yana yanke maiƙo, yana kashe ƙarni, yana buɗe ciki. Zaƙi me yake yi a jikin nama in ba ya tayar wa mutum da zuciya ba?

Rahama: To Gwaggo, kun ga maganar ta fara sauyawa. Da farko kun ce ɗan itace ba ya shiga nama, yanzu an koma zaƙi ne ba ya shiga.

Gwaggo Asabe: Ban sauya komai ba, gyara muku fahimta nake.

Hadiza: Bari mu zo kan zaƙin. Shekarar da kuka je Hajji, shinkafar nan ta Larabawa, kabsa, da ake ɗora mata kaza a watsa zabibi a sama. Wa ya dawo yana ba mu labarinta har wata guda?

Gwaggo Asabe: Tsince zabibin nake yi in ajiye gefe.

Hadiza: Umma! Leda guda kuka zo da shi a tsaraba, kuka zuba a dafa-dukan walima.

Yaya Sani: Yau ga 'ya ta tsaya shaida a kan uwarta. Rahama, ki biya taubashiyarki ladan lauya.

Anti Larai: Ku bar ni in sa baki, don ni na taɓa gwadawa na sha kunya. Da abarba na yi nawa. Na markaɗa ɗanyar abarba na jiƙa tsokar ƙirjin kaza tun da safe, na tafi asibiti, na ce kafin in dawo ta ɗauki ɗanɗano. Da na dawo na ɗaga yanka ɗaya, sai ya rabe a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Na soya haka nan, ta fito wata laɓe-laɓe, yara suka ƙi ci. Daga baya na gane dalili. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari, buromelin, da ke narkar da furotin ɗin nama, shi ne ma yake sa harshe ya yi ƙaiƙayi in an sha ta da yawa. Gwanda ma tana da irin nata, shi ya sa a wasu ƙasashe ake naɗe nama mai tauri a ganyenta. Zafi yana kashe sinadarin, don haka in dafa abarbar za a yi a miya babu matsala, jiƙo ne bai kamata ya wuce kamar rabin awa ba. Mangwaro ba ya wannan ɓarnar. Tasa matsalar sukari ce: in aka zuba shi tun farko a wuta mai ƙarfi, zai kama ƙasan kasko ya yi ɗaci kafin kazar ta dahu. Dabarar Rahama ta soya naman daban ita ce daidai.

Gwaggo Asabe: Kin gani ko, Larai? Da bakinki kin ce yara sun ƙi ci.

Anti Larai: Hannuna ne ya ɓata, Yaya. Wanda ya ƙona tuwo ai ba ya cewa masara ce ba ta da kyau. Abin da ni ya fi damuna a irin girkin nan na sauri shi ne tsafta. Katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai, da wuƙar, kar a yanka mangwaro ko na'a-na'a da su sai an wanke da sabulu, musamman ganyen da ba zai ga wuta ba. Ta nan ƙwayoyin salmonela suke bi, gobe a wayi gari da gudawa a ce mangwaro ne. Kuma kaza sai cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga wuri mafi kauri, in ya ga ja ko ruwa mai jini-jini ya mayar.

Kawu Bala: Salamu alaikum. Na dawo daga gona na tarar da saƙo ya fi talatin, na ɗauka rasuwa aka yi. Rahama, wane mangwaro kika sa?

Rahama: Babba ne Kawu, irin marar zaren nan, bai gama nuna ba sosai, gefe ɗaya da ɗan tsami.

Kawu Bala: Shi ya cece ki. Da binta siga kika sa wadda ta nuna luguf, da alewa kika dafa. Da ƙanana masu zare ne kuwa, da har yanzu Sani yana sakace. Ni ba na goyon bayan kowa, amma Yaya Asabe, ki tuna muna yara, iska ta kaɗo ɗanyen mangwaro, mu yanka mu barbaɗa gishiri da yaji mu ci har haƙora su mutu. Ke kike sato mana yajin daga ɗakin Inna. Mangwaro da gishiri da barkono ba baƙin juna ba ne. A Indiya, inda bishiyar ta samo asali, ɗanyensa suke busarwa su daka, su riƙa zubawa a miya kamar yadda muke yi da tsamiya.

Gwaggo Asabe: Bala, wannan kwaɗayin yara ne da masu juna biyu. Af! Tsaya. Rahama, lafiyarki ƙalau kuwa? Mangwaro mai tsami, lemun tsami, na'a-na'a, duk a dare ɗaya?

Hadiza: Ayyiriri!

Rahama: Don Allah Gwaggo ku bari. Tumatir ne babu a gidan, wallahi shi ke nan.

Yaya Sani: Ni ma da na ci faranti biyu a duba ni.

Auta Mubarak: Ya amsa da bakinsa, biyu ne.

Gwaggo Asabe: To ku gama dariyarku, ga maganar da ba wanda ya taɓo. Wace kaza ce take dahuwa a minti goma sha biyar? Ta gidan gona, wadda ake yankawa tana da sati shida ko bakwai, ba ta taɓa tona ƙasa ba, ba ta taɓa gudun shaho ba. Namanta ruwa ne, ba shi da ɗanɗanon kansa, dole ku nemo abin da za ku lulluɓe shi da shi. Yau mangwaro, gobe zuma, jibi ban san me ba. Kazar Hausa kuwa sai ta yi awa guda da wani abu a wuta, amma albasa da gishiri da ɗan kanumfari kaɗai aka sa mata, romonta ya isa a ci tuwo. Ku ba girki kuka gyara ba, kazar ce ta lalace kuke rufa mata asiri.

Anti Larai: A nan kam Yaya kin faɗi gaskiya. Ni ma ba zan sa wa kazar gida mangwaro ba, asara ce.

Rahama: Ban musa ba Gwaggo. Ranar Asabar in ina gida, farfesun kazar Hausa nake yi yadda kuka koya mini, ba na ƙara komai. Amma ranar Talata ƙarfe bakwai na dare, Amira tana jan zanena, gas ya kusa ƙarewa, kazar da ke firji ita ce kazata. Zaɓin da ke gabana ba tsakanin wannan da farfesunku ba ne. Tsakanin wannan ne da taliyar 'yan yara, karo na uku a sati.

Hadiza: Kuma ba fa da tuwo ta ci ba. Ni ma in aka ce in sa lomar tuwon dawa a miyar mangwaro sai inda ƙarfina ya ƙare. Da farar shinkafa ko kuskus ne abin yake tafiya. 'Yan Maroko da suke dafa naman rago da busassun 'ya'yan itace a tukunyar tajin, su sa wa kaza lemun da aka adana a gishiri da zaitun, ai da burodi suke ci.

Gwaggo Asabe: Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shi Abban Amira me ya ce?

Rahama: Bai ce komai ba. Ya ci, ya ce a miƙo masa yaji, ya barbaɗa, ya ƙara ci.

Gwaggo Asabe: Ya nemi yaji. Alhamdulillahi, ku rubuta wannan.

Kawu Bala: Yaya, mutumin nan ko a kan kankana sai ya nemi yaji.

Anti Larai: Rahama, na'a-na'ar nan dole ce? Ɗoɗɗoya ce da ni a bayan ɗaki.

Rahama: Za ta yi Anti, amma kaɗan, ta fi na'a-na'a ƙarfi. Ganye biyar ko shida, ki yayyaga da hannu bayan kin kashe wuta. In ta dahu a ciki ƙamshin guduwa yake, ganyen ya yi baƙi. Kuma ki ɗanɗana kafin ki sauke, in zaƙi ya yi yawa ki ƙara lemun tsami da ɗan gishiri.

Gwaggo Asabe: Larai, ke ma kin bi su ke nan.

Rahama: Gwaggo, ranar Juma'a muna shigowa Kano. In kawo kayan in yi muku a gabanku, cokali ɗaya kawai za ku ɗanɗana?

Gwaggo Asabe: Ki zo da kazarki da kaskonki, ba a tukunyata ba. Ni zan tuƙa tuwo da miyar kuka tun la'asar, kar jikata ta kwana da yunwa. Mangwaron kuma ki sayo da yawa, ragowar a sa mini a ruwan sanyi.

Yaya Sani: Ƙarfe nawa za a sauke? Ina tambaya ne saboda shaida.