Taƙaitawa: me zai maye gurbin ɓera da zomo a ɗakin gwaji?

Waɗanda suka tattauna batun gwada magunguna a kan dabbobi sun fi tsayawa kan abu ɗaya: jikin dabba daban, na mutum daban. An kawo misalin maganin TGN1412, wanda aka gwada wa birai lafiya lau, amma a 2006 ya kusa hallaka mutum 6 a Landan.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce mai bincike ya fara da ƙwayoyin jikin ɗan Adam. Akwai 'yar na'ura mai girman ɗan yatsa, da siraran magudanai a ciki, ana shimfiɗa ƙwayoyin huhu ko hanta, ruwa yana ratsawa kamar jini. A Jami'ar Harvard aka fito da ta huhu a 2010. Lissafin kwamfuta kuwa ya tace magunguna tun kafin a kai nan.

Wasu suka ce a bi a hankali, kuma da gaskiyarsu: hanta ita kaɗai ba za ta nuna abin da magani zai yi wa ɗan tayi ba.

Masu neman lasisin sabon magani an ce su tuntuɓi hukumar magunguna tun da wuri, su ji wace hujja za ta karɓa. Amurka dai ta cire wajabcin gwajin dabbobi daga dokarta a Disambar 2022.